Ranar da Na Daka Irin Shuka

Ana dab da damina, wata safiya kasala ta rufe ni, tunani ya ƙi zama wuri ɗaya. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta taɓa cewa motsa jiki ne maganin kasala. Sai na jawo turmi, na kwashe geron wata tukunya. Ina daka ina cilla taɓarya sama ina tafi, raina fes, har ina yaba wa kaina.

Maigida ya dawo, ya leƙa tukunyar, ya juyo ya dube ni.

"Irin shukar da na samo daga Getso fa ke nan."

A hankali na ce, "Ga fura, Malam."

Har yau, da na yi hamma sai yara su ce, "Baba, ɓoye iri, Inna za ta motsa jiki!"