Kwamfuta Mai Kiran Ƙarya

“Lafiya lau, Guntu, in ban da ganinka da ya ɓata mini safiya.”

“To wa ya gayyace ki? Au, ni ne. Shigo a hankali da ƙafafun sauron nan, kada su karye mini a shago a ce ni ne.”

Tela ya janye buhun ƙyallaye daga kan benci ya ba ta wuri. ’Yar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa an rabu ba tare da tsiya ba. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta ajiye aiki, shi ya sa har yau kowa Sakatariya yake ce mata. Abin da ya sa ya haɗiye girman kansa ya aika mata ke nan.

Damuwar tasa tana kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Kwamfuta ce da autarsa ta bar masa wata biyar da suka wuce, da ta samu aikin jinya a wata ƙasa mai nisa. Ta nuna masa inda zai danna in ta kira su ga juna, ta tafi.

“Ga ta nan,” in ji shi. “Halinku ɗaya, ba ta yin shiru.”

“Me ta yi maka?”

“Ƙarya. Ina cikin ɗinki sai in ji tilin! In saki keke in zo da gudu, in tarar ba kowa, sai wani rubutu kamar tafiyar tsutsa. Jiya sau goma sha ɗaya.”

“Har ƙirgawa kake yi? Kai da malamin lissafi ya yi kuka a kanka?”

“Shekaranjiya garin sauri na ɗinke wa wani direba aljihun wando ruf. Ya zo zai sa hannu, hannu ya ƙi shiga.”

“Ai wannan ba laifin kwamfuta ba ne. Rigar da ka ɗinka mini ina budurwa, hannu ɗaya ya kai gwiwa, ɗayan ko gwiwar hannu bai kai ba.”

“Hannuwan naki ne ba daidai ba. Ni abin da na auna na ɗinka.”

Ta saka tabarau, ta jawo kwamfutar gabanta. Kafin ta taɓa komai sai ga shi, tilin! Tela ya zabura har gwiwarsa ta bugi ƙafar keken. Ya san ba autar tasa ba ce, amma sai da ya leƙa.

“Ka ga masoyiyar taka,” in ji Sakatariya. “Cewa take yi tana son a sabunta ta. Wancan kuma na batir ne. Taka keken nan in gani.”

Ya taka. Tebur ya girgiza, tilin!

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Rashin sani ya fi dare duhu! Wayar cajinka ce ta saki. Duk takun da ka yi sai ta fita ta koma, ita kuma ta sanar da kai. Kai kake kiran kanka, kai kake amsawa!”

“Ƙarya kike yi.”

“Wata biyar kana zance da ƙafarka, Guntu.”

“Na ji. Kashe mini bakinta kawai.”

Ta tura wayar cajin ta zauna daram, ta shiga wajen saiti, ta nemo inda aka jera sautuka. Yatsunta ba su manta aikinsu ba. “Yanzu zan zaɓi babu sauti, ka huta, direbobi su huta.”

“Tsaya!” Ya dafe teburin. “In ta kira fa?”

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. “Yaushe rabon da ta kira?”

“Kwana tara. Aiki ne ya yi mata yawa. Kuma lokacinsu da namu ba ɗaya ba ne, in ina tashi ita tana kwanciya.” Ya ɗauki alli ya ajiye. “Da a nan take zama, daidai inda kike, tana tsefe mini zare tana ba ni labarin makaranta. In ce ta yi shiru ta ƙi.”

“To ka kira ta mana.”

“In tashe ta daga barci don kawai tsoho yana son jin murya?”

“Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ka kasa yi wa ’yarka ƙorafi, ka zo kana zagin na’ura.” Ta taɓa jakarta. “Kai gara taka, tana yi maka ƙarya. Ni ’ya’ya uku gare ni a garuruwa uku, tawa wayar ko ƙaryar ba ta yi mini.”

Tela ya buɗe baki zai mayar mata da tsiya, ta riga shi.

“Rufe bakin, ƙuda zai shiga,” in ji ta. “Ƙarar kira daban take. Na kashe ta surutu, na bar ta kira. Bari ka ji.”

Ta ciro wayarta, ta danna lambarsa yana kallonta. Kwamfutar ta ɗauki wani kiɗa mai tsawo. Kafin ya ankara ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya karkaɗe zaren da ke gaban rigarsa.

“Ni kake gyara wa hula? Ga ni gabanka!”

Ya kalli hannunsa a kan hular, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya goge ido da bakin riga.

“Na bi. Yau ke ce babba.”

“Laifin babba rowa, amma yau ƙarami ne zai biya.”

Ya miƙa hannu saman kantar shagon ya sauko da wani shuɗin yadi mai laushi, ya ɗora mata a cinya. “Ki zo jibi in auna ki. Hannu biyu daidai, in Allah ya yarda.”

Ta shafa yadin, ta ninke shi ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta juyo.

“Kullum da hantsi zan riƙa kiranka in zage ka.”

“Kira,” in ji Tela, yana zura zare a allura. “Zan ɗauka.”