Ragon Layyar Barau

Wani magidanci ne a wajen Wudil, ana ce masa Barau. Tun watan Babbar Sallah bai kama ba ya cika unguwa da baki, wai shi bana da rago zai yi layya, ya bar wa ƙananan mutane watanda. Matarsa Tabawa ta ɗauki maganar da gaske, har ta aro babbar tukunyar suya, ta daka yaji, ta gaya wa ƙawayenta kowacce ta aiko da kwano. Jajibere ya zo, turke wayam. Ranar Sallah, an sauko daga Idi, sai ga maigida da buhu a kafaɗa yana ɗigar ruwa. Ya zazzage a tsakar gida, gaban kakarsa Iya Kande da ke kan tabarma tana jan carbi. Wani ƙaton kifi ne, ragon ruwa, gashin baki zaƙo-zaƙo. Tabawa ta dubi kifi, ta dubi tukunyar aro, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Maigida, ina ragon?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga shi kina gani. Rago na ce, ai ban ce na tudu ba. Matso ki shinshina. Kin ji ƙarni? Babu! Ƙamshi kamar an yanka sabon gurji. In ya sha man gyaɗa da citta, har ƙofar gidan liman sai an haɗiyi yawu. Ga tsoka luƙwi, babu jijiyar da za ta wahalar da haƙoran Iya."

Tabawa ta shinshina. Abin haushi, gaskiyarsa ce, har yawunta ya tsinke. To amma ƙamshi za ta zuba wa mutane a kwano?

Iya Kande ta ajiye carbi.

"Kai ɗan nema, fita harkar haƙorana. Ba ka ji ana cewa abin da mutum ya yi layya da shi, shi zai hau ya ƙetare Siraɗi ba?"

"Yo Iya, ai a nan na fi kowa dabara. Wa ya kai kifi iya ƙetarewa?"

"A kogi ba. Can kuwa wuta ce a ƙasa, mijina. Mu muna wucewa bisa tumakinmu, sai dai mu jiyo ƙamshinku, kai da shi."