Saukar Gaggawar Kyaftin Issifu

Allah Ya yi wa 'yan Zangon Gana mazauna Doha babbar baiwa da Ya ba su Kyaftin Issifu, Shaho Sarkin Sama, mutumin da ya san jirgi kamar yunwar cikinsa. Gaskiya ne aikinsa a filin jirgi tattara kekunan tura kaya ne. To amma shekara tara yana hango jirage ta gilashi, wa ya isa ya ce wannan ba ilimi ba ne?

Da korona ta kulle kowa a ɗaki, ƙananan mutane suka kama barci. Kyaftin kuwa ya haye rufin benensu a unguwar Matar Ƙadim ya fara ƙera jirgi da bututun alminiyon, da tamfol, da injin wani tsohon babur na yawon sahara. Komai sai da ya auna, har nauyin kansa: kilo sittin da takwas. Ya rubuta, ya yanka fukafukai daidai da haka. Daga nan ya duƙufa kan shinkafa da waken matarsa Wasilatu, safe da yamma, shekara biyu cur.

Abin da yake hari shi ne kujerar shugaban ƙungiyar 'yan Zango, wadda Rafiu tela ya kankane. Ana saura wata guda gasar cin kofin duniya, Kyaftin ya miƙe a taro yana shafa tumbi.

“Jama'a, kowa da matsayinsa. Wani allura yake riƙewa, wani sama yake riƙewa. Kafin Gana ta buga wasan farko, ni zan ɗaga tutarmu inda tsuntsu ke gajiya. Khalas, magana ta ƙare!”

Dattawa suka ce sun ji. In ya tashi sama, kujera tasa ce, in bai tashi ba ya bar maganar har abada.

Kada a ce Kyaftin bai shirya ba. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan shige jirgin, wanda ke ɗore kan bulo huɗu, ya yi gwajin saukar gaggawa har sau biyu. Dogara, wani direba ɗan Kano, shi ne hasumiyar ba da umarni. Wasilatu da bokitinta ita ce motar kashe gobara.

“Inji ya mutu!” in ji Kyaftin. Sai ya karkata hagu, ya karkata dama, ya kwance bel, ya diro, ya ruga har bakin tankin ruwa. Sau ɗari biyu ya sauka lafiya, bai taɓa ko ƙujewa ba.

“Tashi kowane sakarai ya iya,” yakan ce. “Sauka ita ce ta manya.”

Ranar gwaji aka zuro jirgin da igiya gunduwa-gunduwa, Dogara ya kwashe shi a akori-kura zuwa wani fili can bayan Al Rayyan. Ƙungiya ta hallara, kowa da waya a hannu. Aka ɗaura tuta a wutsiya. Da ƙyar bel ya zagaye Kyaftin.

“Yalla, mu je, Kyaftin!” in ji Dogara.

Inji ya ɗauka. Jirgi ya ruga, ya yi nishi, ya ɗaga hanci, ya mayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: an ƙera shi don Issifu na kafin korona, ga shi Issifu na bayan korona ne a ciki. Da tayar jirgin ɗaya ta daki dutse, tsoro ya kama Shaho. Nan horo ya yi aikinsa. Ya kurma ihu, “Inji ya mutu!” alhali inji na ruri. Ya kwance bel, ya diro, ya mirgina cikin yashi. Bai kashe injin ba, don a duk gwajinsa ɗari biyu injin a mace yake tun farko.

Jirgi na jin an sauke masa kaya sai ya yi sama. Wallahi ya yi kyau! Ya kai tsayin bene uku, tutar Gana na kaɗawa, jama'a na kabbara. Can man da ke ciki ya ƙare, ya sulalo a hankali ya zauna kan yashi, ko fenti bai goge ba.

Kyaftin ya miƙe yana tofar da ƙasa. “Kun gani? Jirgina ya tashi! Ina kujerata?”

Dattawa suka yi shawara a tsaye, babbansu ya yi gyaran murya.

“Alkawari kaya ne, Issifu. Wanda ya tashi muka yi wa. Ka faɗa wa jirgin ya zo taro ranar Juma'a.”