Yadda Ake Zama Masanin Tsofaffin Memori Ba Tare da An San Komai Ba

Kai mai karatu, gyara zama. Idan ka bi matakan nan bakwai ba tsallake, na ba ka tabbaci kafin a cire albasar bana za a riƙa nuna ka da baki a kasuwar Goronyo ana cewa ga masanin tsofaffin memori can. Memori dai ka san shi, ɗan baƙin abin nan da ake cusa wa waya ya riƙe waƙa da hotuna. Wai a ƙasashen waje akwai masu tara tsofaffinsa, suna saye da tsada. Wa ya taɓa ganinsu? Babu. Amma Mujaheed na Boyekai ya ji a waya, kuma da shi zan yi maka misali, don a gabana aka yi komai.

Mataki na ɗaya: Tara kaya

Nemi babban gwangwanin madara. Bi rumfunan masu gyaran waya da masu caji, ka kwashe duk memorin da ya kwana biyu a aljihun tebur. Kada ka tambaya ko yana aiki. Tsohon abu ba aiki ake nema gare shi ba, girma ake ba shi. Cikin wata biyu Mujaheed ya tara ɗari uku da 'yan kai, har da matattun layukan waya da ya zaci memori ne. In haka ta same ka aka yi maka dariya, ka ce ai dangi ne.

Mataki na biyu: Karɓi amana

Alamar ka fara isa ita ce mutane su kawo maka nasu ajiya. Wadda ta fara kawo wa Mujaheed mahaifiyarsa ce, Inna Lami. Ta kwance ƙullin bakin zanenta ta fito da wani ɗan memori da aka ciro daga wayar mijinta, marigayi Isma'ila, shekara uku da suka wuce. Ita ba ta da waya mai nuna hoto, ba ta taɓa kallon abin da ke ciki ba.

"Auta, tunda kai ka san kansu, aje man wanga," in ji ta. "Babanka na ciki. Ranad da yat taka iyakar gonar hwadama, shi da Lauwali maƙwabcinmu, anka ɗauka. Gonar ga ita ka cishe mu, ka sani."

Amsar da ta dace ita ce wadda Mujaheed ya bayar: "Inna, kin kawo inda ya kamata." Daga nan sai ka jefa shi cikin gwangwani ka girgiza. Kada ka yi masa alama. Alama ta 'yan koyo ce, masani da ido yake ganewa.

Mataki na uku: Duba haƙora

A nan ne kawai za ka koyi wani abu na gaskiya, don haka yi haƙuri, ba shi da tsawo. Juya memori ta baya, za ka ga 'yan layuka ruwan zinari. Mujaheed haƙora yake ce musu, kuma ƙirga su yake yi kamar mai sayen rago. Mai faɗi kamar babban yatsa, in haƙoransa bakwai ne, na wayoyin farko ne, shi ne kakan. In tara ne, galibi na kyamara ne. Akwai matsakaici mai goma sha ɗaya da bai daɗe a duniya ba. Ɗan mitsitsin nan kamar farcen jariri, haƙori takwas gare shi, kuma shi ne ke wayar kowa.

Kaico, a nan matsalar take. Cikin ɗari uku na Mujaheed, bakwai ne kacal manya. Sauran duk masu takwas ne, baƙaƙe, kamar an zubo su daga buhu ɗaya. Kada wannan ya dame ka. Sayi tabarau ko da idonka lafiya lau, ka ɗauki memori da matsefata, ka ɗaga shi sama, ka ce "Uhm." In mutum ya tsaya yana jira, ƙara masa "Uhm" na biyu.

Mataki na huɗu: Tsince su kamar albasa

Mujaheed ɗan manomin albasa ne, abin da ya iya ke nan, shi ya kawo cikin sana'a. Ya shimfiɗa buhu, manya gefe, ƙanana gefe. Duk wanda rubutunsa ya goge ko ya karce, ya ce ruɓaɓɓe ne, a fitar da shi kada ya ɓata 'yan'uwa. Har sunsuna su yake yi, wallahi.

To memorin da ya yi shekara uku a ƙullin zane, tare da goro da allura, wane rubutu zai rage masa? Ya tafi cikin ruɓaɓɓu.

Ruɓaɓɓun nan kada ka zubar. Rabar da su kyauta, sunanka ya zagaya gari. Ran nan Baba Lauwali, maƙwabcin gonar nan kuma aminin marigayi, ya biyo yana neman wanda zai sa wa'azi a ciki. Mujaheed ya zura hannu ya miƙa masa ɗaya.

"Wanga koɗaɗɗe na, Baba, amma ya ishe ka wa'azi."

Tsoho ya sa albarka, ya soke shi a naɗin hularsa, ya manta da shi. Kai ka gane wanne ne aka ba shi. Masani bai gane ba.

Mataki na biyar: In aka zo karɓar amana, ja lokaci

Damina ta yi nauyi, gulbi ya fito ya kwanta a fadama mako biyu. Da ya janye, ya tafi da ciyawar gambar da aka dasa a kan iyaka, ya shafe kunya, ƙasa ta zama fili ɗaya. Baba Lauwali ya zo ya kafa turke inda idonsa ya gaya masa. Ba macuci ba ne, tsufa ne da sauyin ƙasa. Amma turken ya shigo gonar Inna Lami da fangali shida na albasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take ci. Ta ce a'a, ya ce i. Hakimi ya sa musu ranar Alhamis.

"Auta, miƙo man babanka," in ji Inna.

Kada ka firgita a gaban abokin hulɗa. Mujaheed ya leƙa gwangwani, bai gane shi ba, amma ya gyara tabarau.

"Inna, ba a tada irinsu gaba ɗaya. Sai ya huta."

"Shekara ukku yana hutawa, mi ya rage?"

In aka yi maka irin wannan tambaya, ka ce maganar fasaha ce.

Mataki na shida: Gwada su ɗaya bayan ɗaya

Yanzu ajiye matsefata. Ari waya mai kyau, ka zauna gindin dogonyaro, ka sa, ka cire, ka sa, ka cire. Kwana uku Mujaheed yana wannan aiki. Ya ga bikin mutanen da bai sani ba a Rabah. Ya ga damben wata shekara, wanda mai ɗauka ya fi nuna ƙafafun 'yan kallo. Ya ga hoton akuya ɗaya sau sittin. Fiye da rabi kuwa ko buɗewa ba su yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, a nan wasa ya ƙare masa. Tsoro ya kama shi, da kunya mai nauyi. Inna ta kawo masa fura ta ajiye, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan.

"Ka gane shi?"

"Saura kaɗan, Inna."

Ta dubi gwangwanin da ya koma fanko, ta dubi ɗanta, ta koma ciki.

Mataki na bakwai: Faɗi gaskiya, amma sai ta ƙure

Ranar Alhamis da hantsi aka taru ƙofar hakimi. Mujaheed ya durƙusa ya fara bayanin masu haƙori bakwai da masu tara. Hakimi ya saurara na ɗan lokaci.

"Mi kake hwaɗi haka? Ina memorin?"

"Ranka ya daɗe," in ji Mujaheed, "ya ɓace hannuna."

Inna Lami ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta da wata shaida kuma, kowa a wurin ya sani.

Sai Baba Lauwali ya yi gyaran murya, ya laluba aljihu ya fito da waya.

"Ranka ya daɗe, in yi magana. Memorin da yaron ga ya ba ni, sai jiya nit tuna da shi, nik kai a sa man wa'azi. Mai sawa ya ce akwai wani abu ciki, a goge? Nic ce tsaya in gani tukuna."

Ya danna, ya miƙa wa hakimi. Mutane suka matso. Ga Isma'ila nan cikin tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, tsaye bakin bututun rijiyar ban ruwa, wanda har yau ke kafe inda yake. Ya kama tafiya gabas yana ƙirga taki da ƙarfi. A bayansa ga Lauwali, gemu bai gama fari ba, yana dariya yana cewa aboki ka rage tsawon ƙafa. A taki na arba'in suka tsaya, suka yi musafaha.

"Ga ni nan ina shaida da bakina," in ji Baba Lauwali. "Na tai da asuba na taka. Hwangalin shida nata na. Ni nay yi kure, Lami, ki gahwarta man."

Hakimi ya juya ya tambayi Inna ko ta gamsu. Ba ta ji shi ba. An riga an sa mata wayar a tafin hannu, ta riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika.

"A maido shi baya," ta ce a hankali. "In ga ya ƙara tahiya."

Aka mayar. Sau uku ana mayarwa, ba wanda ya tashi. Baba Lauwali ya juya baya yana goge ido da bakin riga, Mujaheed kuwa ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon ido, ko ɓatan ajiya, ko shirun da uwa za ta yi maka, wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba. Duk wanda ya bi matakan nan gonar gidansu ta salwanta, kada ya zo ƙofata. Na yi alkawarin mayar da kai masani, na cika. Ban yi alkawarin maƙwabcin da zai ce a tsaya ya gani kafin a goge ba. Wannan sai ka roƙi Allah, ba a kasa shi a kasuwa.