Jirgina da Ya Yi Hayaƙi a Ƙurban

Wata huɗu na yi ina gyara tsohon jirgin ƙasa na wasa mai lantarki. Ranar gwaji na tara maƙwabta. A lokacin, gidajen Madina wutar lantarki iri biyu gare su, mai ƙarfi da mai sauƙi.

Baffana ya ce, "Ya waladi, wannan soket ɗin na mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, ya fi ƙarfin jirginka."

Na ce, "Baffa, ni na haɗa shi."

Na jona. Ya zagaya sau ɗaya da gudu yana hayaƙi, ana ta Masha Allah. Sai ya tsaya, injin ya ƙone ƙurmus.

Har yau Muhandis Hayaƙi suke kirana, kuma ina amsawa. Cikinsu wa ya taɓa haɗa jirgin da ya zagaya ko sau ɗaya?