Yadda Marigayi Ya Kafa Garinmu

Duk wanda bai san maƙwabcina ba, to bai san talabijin ba. Babban ɗan wasa ne, tauraron da ko shara zai fita zubarwa sai ya maka baƙin gilashi, don kada masoya su yi masa rubdugu. Masoyan dai har yau muna jiran isowarsu.

Ba hassada ba, a fanninsa babu na biyunsa. Fanninsa kuwa mutuwa. Duk fim ɗin da ya fito, kafin ka gyara zama an harbe shi. Ya mutu yana maigadi, ya mutu yana direba, akwai wanda ma a kwance aka fara da shi. Da ya ji ƙarar bindiga zai dafe ƙirji, ya juya, ya zube kamar buhun siminti. Shi ya sa yaran layinmu ke ce masa Marigayi. Gwaggonsa kuwa ta kasa sabawa, duk mutuwa sai ta yi kuka mun shiga ba ta haƙuri.

Bana sai ga shi da darakta da kyamara, ya tara mu a ƙofar gidansu.

"'Yan'uwana, tarihi ya kira ni," in ji shi, yana duban sama. "Kun san jarumin da ya haƙa rijiyar farko a garin nan, wanda mahara suka yi wa ruwan wuta bai ko ƙifta ido ba? Kakan kakana ne! Ni zan fito a matsayinsa, kuma wannan karon a tsaye za a gama fim da ni."

Mu dai dillalin jakuna muka sani a danginsu, amma muka tafa. Hukumar gari har ta yi alkawarin sa wa titi sunansa.

Ranar ɗaukar fim ɗin, gari ya tashi kaf zuwa tsohuwar rijiya. Aka manna masa gemu, ya riƙe mashi, ya ɗora ƙafa a bakin rijiyar. Darakta ya ja masa kunne, ko me ya ji kada ya motsa.

"Yallaɓai, dutse ne a gabanka," in ji Marigayi. Ya fuskanci kyamara, ya buɗe murya: "Ni da na tsaga ƙasar nan na fito da ruwa, babu mahaluƙin da zai..."

Sai taya ta fashe a rumfar mai faci. Tau!

Jikin bawan Allah bai tsaya shawara da shi ba. Ya dafe ƙirji, ya juya, ya zube, gemu gefe, mashi gefe. Maharan ba su ma gama ɗaura takalmi ba.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ɗan nan! Har a gida ma?"

Darakta ya sake kallon hoton, ya ce bai taɓa ɗaukar mutuwa mai kyau irin wannan ba, zubar da ita asara ce. Nan take ya gyara labari. Wani dogo cikin maharan ya zama mai rijiya, Marigayi kuma ya zama mutum na farko da aka binne a garin.

"Duk kafa tarihi ne," yake gaya mana yanzu ta bayan gilashi. "Wani ya fara haƙawa, ni aka fara haƙa wa."

Hukuma ma ta cika alkawari, an sa wa titi sunansa. Titin yana nan bayan kasuwa. Ka miƙe ba kwana, zai kai ka har ƙofar maƙabarta.