Zakaran Suruka a But ɗin Mota

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a ƙarƙashin wata rumfa a Argungu. Waɗanda ke wurin: ni da nake gabatar da shirin lafiya a rediyo, da Madam Rahila, likitar dabbobi kuma maƙwabciyata a Gesse, sai 'yan kasuwa masu tsallakawa Nijar da Benin, waɗanda muka tara domin ɗaukar shiri kan yadda matafiyi zai kare kansa daga murar tsuntsaye a ƙasar waje.

A lokacin na dawo daga wani horo a waje, kuma na dawo da wani hali mai gundura. Ina wanke hannu sau ba adadi. Na hana cin ƙwai mai ruwa-ruwa a gidana. Madam Rahila da kanta, wadda wannan ne aikinta, ta ce in sassauta. (Ban sassauta ba. Takardar shaidar horon na rataye a falo.)

Matsalar ta faro ne da safe. Matata ta ce tun da zan je Argungu, in ratsa Gulma in gaida mahaifiyarta, don tun da na dawo ban je ba. Na je, na durƙusa a ƙofar ɗaki, Inna na daga ciki muka gaisa. Da na miƙe zan tafi, sai ta fito da wani jan zakara, an ɗaure ƙafafunsa da tsumma, ta ajiye a gabana.

"Wanga naka na. Tun da kat tai nike kiwonai."

To, a faɗa mini. Wane suruki ne zai buɗe baki ya yi wa Inna bayanin ƙwayar cuta? Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ita? Na yi godiya har sau uku, na sa zakara a but. Da na isa Argungu na ajiye motar daf da rumfa saboda kayan naɗar murya, na bar but ɗin a ɗan buɗe don kada zafi ya kashe shi. Ni a ganina na yi dabara.

Shiri ya kankama. Madam Rahila ta yi bayanin wanke hannu da sabulu, da dafa nama da ƙwai sosai, da kuma zuwa asibiti idan zazzaɓi ya kama mutum bayan tafiya, tare da faɗin inda ya je. Sai wani dattijo, Alhaji Bawa mai albasa, ya tambaya: idan mai masaukinka a can ya ba ka kyautar kaza fa?

Maimakon in bar likita ta amsa, sai na karɓe makirufo. Na gyara murya irin ta karanta labarai.

"Alhaji, ko wane ne ya ba ka, kada ka karɓa. Mai hankali ba ya haɗa tafiya da tsuntsu mai rai. Kunya ba ta maganin cuta."

Ban rufe baki ba zakara ya yi cara.

Na ci gaba da magana kamar carar daga wani gida take. Ya sake, wannan karon da ƙarfi. Sai ga shi ya turo kai ta bakin but, ya faɗo ƙasa, tsumman ya kwance. Duk faɗin filin nan bai ga wurin zuwa ba sai ƙarƙashin teburina.

Babu wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Alhaji Bawa ya dubi zakaran, ya dube ni.

"Malam, wanga shi ma horon yat tai?"

Nan rumfa ta ɗauka. Na soma bayanin cewa wannan na gida ne, ba na waje ba, kuma kyautar suruka ce. Sai Madam Rahila ta sunkuyo ta ce, "Maƙwabci, kunya ba ta maganin cuta." Makirufo kuwa a kunne yake.

Abin da na koya shi ne, shawarar da ba za ka iya faɗa a ƙofar ɗakin surukarka ba, ka rage murya idan za ka faɗe ta a rediyo. Dokar dai gaskiya ce, mai faɗinta ne ya kasa.

Madam Rahila ta killace zakaran a bayan gidanta na mako biyu, ya fito lafiya ƙalau. Na yanke carar daga shirin kafin a watsa, amma har yau a tashar Argungu Mai Zakara ake kirana. Da labari ya kai Gulma cewa kyautar ta tsere mini a gaban jama'a, Inna ta aiko da zabi biyu.